Kerala Sai da Damina!

Duk wani ejan na tafiye-tafiye da za ku tambaya game da Kerala, amsarsa ɗaya ce: ku bari sai Disamba ko Janairu, lokacin da sama ta yi tas, teku ta kwanta, Turawa suka cika otal-otal. To ni dai ban yarda ba, kuma na san da yawa daga cikinku, ku da ranku ke yin fari da zarar kun shaƙi ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ba za ku yarda ba. Wanda ya je Kerala da rani ya ga kyakkyawar ƙasa, babu musu. Amma wanda ya same ta tsakanin Yuni da Agusta, a jiƙe sharkaf, tana ɗiga ta ko'ina, koriya shar tun daga bakin teku har ƙololuwar tsaunuka, shi ne zai gane dalilin da ya sa wasunmu ba mu da hira sai tata. Ni kam ta gama da ni.

Siririyar jiha ce a kudu maso yammacin Indiya, a matse tsakanin Tekun Larabawa da jerin tsaunukan Western Ghats, kuma ta nan damina ke shigowa ƙasar. Bisa lissafin hukumar hasashen yanayi ta Indiya, ranar 1 ga Yuni ce ranar da aka saba ganin saukarta a Kerala, kuma ranar da hukumar ta tabbatar ta sauka, labarin ne kanun jaridu tun daga Delhi har Mumbai, domin noman ƙasar gaba ɗaya a kanta ya rataya. Iska ce take kwaso danshi daga teku, ta zo ta yi karo da tsaunuka, ta rasa hanyar wucewa, ta juye kayanta a nan. Jihar na samun ruwan da ya kai kimanin milimita 3,000 a shekara, kuma Yuni da Yuli kaɗai sukan zubar da fiye da 1,200, wato sama da abin da Kano ke gani tun daga farkon damina har kaka. Koguna 44 ne ke kwashe wannan ruwa. Ku yi tunanin wannan!

Abin da ya fi burge ni shi ne ruwan nasu yana da salo. Za ka tashi da safe a Fort Kochi gari ya yi luf, manyan tarunan nan na kamun kifi da ake dangantawa da Sinawa suna tsaye a bakin ruwa da dogayen sandunansu, sai ka hango wani baƙin hadari, mai kauri, mai nauyi, ya taso daga teku yana tafe a hankali babu gaggawa, itatuwan kwakwa su fara rangaji, hankaki su watse, kafin ka ƙarasa bakin rumfa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Rabin awa, ko awa guda, sai ya ɗauke. Rana ta ɗan leƙo, kwalta ta shiga tururi, rufin gidaje na jan tayil ya yi ƙyalli, gansakukar da ta lulluɓe tsofaffin katangun zamanin mutanen Fotugal ta ƙara yin kore har tana ɗaukar ido. Can anjima ya dawo. Wata rana kuma marka ce sosai, wuni guda cur ana tsiyaya ba ƙaƙƙautawa, kuma ita ma ina son ta.

Mutanen kuwa ko a jikinsu. Mazansu su naɗe farin zanensu da suke kira mundu zuwa gwiwa, su buɗe baƙar laima, su kama gabansu. Mai adaidaita sahu ya saki labulen leda ta gefe da gefe ya ci gaba da neman fasinja. Makarantu ma a farkon Yuni suke komawa, tare da ruwan, sai ka ga yara a jere da sabon yunifom da sababbin laimomi kala-kala, domin a Kerala laima babbar harka ce: kamfanoni biyu na garin Alappuzha, Popy da John's, sun yi shekara da shekaru suna gasar tallace-tallace a duk farkon damina. Kada ku wahalar da kanku da ɗauko laima daga gida. Ku sayi tasu. Ta fi ƙarko, ta san aikinta.

Sai batun aljihu, wanda na san kuna jira. Lo sizin ake ce wa wannan lokaci a harkar otal, kuma wallahi sunan ya yi mini daɗi a kunne. Ɗakin da a Disamba sai ka yi bukin tun da watanni, a Yuli kana shiga za a ba ka makulli, a ƙara maka da wanda ke kallon ruwa, farashin kuma wani lokaci ya sauko kusan rabi. Ana ciniki, ana ragi, ana zama a yi hira da kai domin babu layin baƙi a bayanka. Cocin St Francis da ke Fort Kochi, inda aka fara binne Vasco da Gama a 1524 kafin a kwashe ƙasusuwansa zuwa Fotugal, za ka shige shi kai kaɗai da mai gadi. Lungunan unguwar Mattancherry, inda rumbunan citta da masoro da kadamom suke, danshi yakan tayar da ƙamshinsu har ya biyo ka kan titi.

Amma zuciyar lamarin tana Alappuzha. A nan ne ƙasa da ruwa suka cakuɗe har ba ka iya cewa ga iyakar wannan ga farkon wancan: tafkin Vembanad mai faɗi, da ɗaruruwan hanyoyin ruwa ƙanana da manya da suka ratsa ƙauyuka, da gonakin shinkafar Kuttanad waɗanda suke ƙasa da matakin teku, wasu da fiye da mita biyu, an tare ruwa da ganuwar ƙasa ana noma a ƙarƙashinsa. Kana cikin jirgi kana leƙen manoma a can ƙasa da kai. Abin sai wanda ya gani. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sanya wannan noma cikin gadon noma na duniya a 2013, kuma ta yi daidai.

Kowa ya san jiragen kwanan nan da ake kira kettuvallam, tsofaffin jiragen dakon shinkafa da aka mayar gidaje, masu rufin saƙa mai lanƙwasa, da ɗakin kwana da kicin da baranda. Da rani sukan yi cunkoso a kan ruwa, inji na bin inji. Da damina kuwa yawancinsu suna ɗaure a gaɓa, kai kuma ka samu tafkin kusan naka kai kaɗai. Ka zauna a baranda, kuku ya kawo maka baƙin shayi mai zafi da soyayyar ayaba da aka tsoma a ƙullun fulawa, pazham pori, mai zaƙi, mai laushi a ciki, mai ƙaras-ƙaras a waje, ruwa na dukan rufin, ɗigonsa na huda fuskar tafkin ta ko'ina har ta koma fari fat, can nesa wani dattijo a ƙaramin kwalekwale yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da laima, bai ko ɗaga kai ba. Da yamma, wajen biyar da rabi, jiragen sukan ɗaure domin a bar wa masunta ruwa su shimfiɗa taru, daga nan sai kwaɗi su karɓi filin har asuba. Haba! Me ya fi wannan?

Ga wata shawara tsakanina da ku: ko kun kwana a kettuvallam, kada ku bar garin ba ku hau jirgin haya na gwamnati da ke zuwa Kottayam ba. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, tafiyar awa biyu da wani abu ce, yana tsayawa a kowace 'yar mashaya, mata su shigo da kwandon kifi, ɗalibai da jakunkuna a cikin leda, kwandasta na bi yana yankan tikiti, idan ruwa ya karkato kowa ya miƙa hannu ya sauke murfin tagarsa. A nan za ka ga yadda ake rayuwa a kan ruwa da gaske.

Abinci kuwa, jama'a! Rogo ne fa, rogon da muka sani, su suna ce masa kappa. Su dafa shi ya yi lugub, su farfasa shi da kurkum da kankararriyar kwakwa, su kawo shi da jar miyar kifi da aka dafa a tukunyar ƙasa, mai yaji, mai tsami, mai ratsa kai, wadda idan ta kwana ta fi daɗi. Ka ci wannan da hannu ana ruwa a waje, gumi na keto maka, sanyi na shigowa ta taga. Akwai kifin karimeen da ake shafe shi da kayan yaji a naɗe a ganyen ayaba a gasa. Akwai porotta mai falle-falle da soyayyen naman sa, wanda a Kerala ake ci a fili ba ɓoye-ɓoye, kuma tunda fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar Musulmi ne, neman halal ba ya ba da wahala. Ƙorafina ɗaya a nan: daga kusan 10 ga Yuni zuwa ƙarshen Yuli ana hana manyan jiragen kamun kifi masu jan taru shiga teku har kwana 52 domin kifi ya hayayyafa, don haka kifin teku kan yi tsada, wani ma ka neme shi ka rasa. Doka ce mai kyau, na sani. Amma ranar da kake marmarin wani kifi aka ce babu, sai ka ɗan yi tsaki.

Yanzu ku matso, 'yan uwana masu kallon finafinan Indiya, domin wannan taku ce. Athirappilly! Inda kogin Chalakudy ke zubowa daga kan dutse mai tsayin kusan ƙafa 80, tafiyar awa biyu ko ƙasa da haka daga Kochi. Kun san wurin ko da ba ku san sunansa ba. A nan Mani Ratnam ya ɗauki Aishwarya Rai tana rawar ruwan sama a fim ɗin Guru na 2007, ya sake dawowa da ita a Raavan a 2010, kuma a nan aka ɗauki wani ɓangare na ruwan nan da jarumin Baahubali ke ta fafutukar hawa, kafin a ƙara masa tsayi da kwamfuta. Wanda ya je a Maris zai tarar da 'yan siraran igiyoyin ruwa suna zirara a jikin dutse, ya ɗauki hoto ya koma. A Yuli kuwa kogin gaba ɗayansa ne ke faɗowa, faffaɗa, jajaye-jajaye da laka, mai ruri, mai girgiza ƙasa, tun kana cikin kurmi a kan gangaren da ke kai ka gindinsa kake jin ƙugin a ƙirjinka, feshinsa kuma ya jiƙa ka tun ba ka gan shi ba. Ka yi magana ba ka jin muryarka. Laima ba ta da amfani a wurin, ka naɗe ta kawai ka tsaya. Duwatsun hanyar akwai santsi, birai kuma ɓarayin abinci ne na ƙarshe, sannan idan ruwan ya yi yawa ma'aikatan gandun daji kan rufe hanyar gangarawa, kuma kada wanda ya yi musu gardama.

Tunda na fara ƙorafi bari in ƙarasa. Kaya ba sa bushewa. Ka wanke riga ka shanya, gobe ka taɓa ta tana nan yadda ka bar ta, jibi ta fara wari, takalmin fata kuma fumfuna ta hau shi. Shadda da wagambari ku bar su a gida, ku ɗauki yadi marar nauyi da silifas na roba. Teku ba ta shiguwa, jar tuta ce a bakin ruwa daga Kovalam har Varkala, kuma da yawan rumfunan cin abinci na gaɓar suna rufe. A Munnar, can kan tsaunuka wajen mita 1,500, inda gonakin shayi suka lulluɓe tuddai, akwai matsattsaku a cikin ciyawa masu jiran ƙafar baƙo, sai ka riƙe ɗan gishiri a aljihu. Hazo kuma yakan rufe komai, ka yi doguwar tafiya zuwa wurin hange ka tarar da fari kawai. Amma ku saurara: ka yi haƙurin minti goma, iska ta ɗan ja labulen, kwari ya buɗe a gabanka, kore kan kore kan kore, ƙananan magangarun ruwa na zuba daga kowane dutse, masu tsinkar ganyen shayi sanye da leda suna tafe a jere cikin layuka, kafin ka zaro waya ya sake rufewa. Wannan 'yar buɗewar ta fi mini wuni guda na rana tsaye.

Akwai abin da ba na wasa da shi, kuma duk mai ƙaunar Kerala ya kamata ya faɗe shi. Ruwan nan yana kisa. A Agustan 2018 ambaliya ta ci rayuka fiye da 400, mutane sama da miliyan guda suka koma sansanoni, filin jirgin saman Kochi ya yi kusan mako biyu a rufe, masunta ne suka ɗoro kwalekwalensu a kan manyan motoci suka shigo cikin garuruwa suna ceton jama'a. Ranar 30 ga Yulin 2024 ƙasa ta zaftare cikin dare a Wayanad, ta binne ƙauyukan Mundakkai da Chooralmala, mutum fiye da 200 suka rasu. Allah ya kiyaye gaba. Don haka kullum da safe ku duba gargaɗin hukumar yanayi, wanda take bayarwa gunduma-gunduma da launi: rawaya, ruwan lemo, ja. Ranar ja ba a hawa dutse, ba a tafiyar dare a hanyar tsauni, a zauna a gari a sha shayi. Ku bar kwana ɗaya ko biyu a jadawalinku babu komai a ciki saboda irin wannan rana.

Kuma wannan ruwa dai shi ne arzikinsu tun fil azal. Masoron da ya jawo Larabawa da Sinawa da Turawa zuwa wannan gaɓa, da ruwan ƙarshen Yuni yake ɗaukar 'ya'ya, a wasu makonni biyu da manomansu ke kira Thiruvathira Njattuvela. Suna da wani labari da suke ji da shi: wai da mutanen Fotugal suka kwashi dashen masoro za su kai ƙasarsu, fadawa suka tayar da hankali, sai sarkin Kalikut ya ce a ƙyale su, dashe dai sun ɗauka, amma ruwan waɗannan makonni ba za su iya ɗaukarsa ba. Ina son labarin nan ƙwarai.

Kalikut ɗin, wadda yanzu ake rubutawa Kozhikode, ku hau jirgin ƙasa daga tashar Ernakulam da ke Kochi ku je ta, wajen awa huɗu, kuna tsallaka koguna cike maƙil. A unguwar Kuttichira akwai masallacin Mishkal, wanda wani attajirin mai jiragen ruwa Balarabe ya gina a ƙarni na 14, mutumin da Ibn Battuta ya ambaci dukiyarsa. Babu hasumiya, babu ƙubba. Bene ne hawa-hawa na katako, da rufin tayil mai gangare wanda aka yi shi musamman domin ya zubar da irin wannan ruwa, kuma har yau ana nuna tabon wutar da mutanen Fotugal suka cinna masa a 1510. Ka yi sallar la'asar a ciki ana ruwa, katakon na ƙamshin tsufa, indararo na zuba ta kowane gefe, ka fito ka nufi shagon shayi a ba ka sulaimani, baƙin shayi da lemon tsami da ɗan kayan ƙamshi, bayan ka cika ciki da biriyaninsu na ƙananan ƙwayoyin shinkafa. Sannan ka bi ta titin 'yan alewa ka sayi halwa ta tsaraba, baƙa da ja da koriya, ana yanka maka da wuƙa kana ɗanɗanawa. Malam, ai sai godiya.

Daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta watan Karkidakam ne a kalandarsu, watan ruwa mai tsanani, kuma shi suka ware wa gyaran jiki. Masu maganin gargajiyarsu na Ayurveda suna cewa a lokacin ne jiki ya fi karɓar mai da tausa, shi ya sa gidajen magani irin na Kottakkal, wanda aka kafa tun 1902, suke da jama'a a lokacin da otal-otal suke fayau. Ko ba ka yarda da bayanin ba, ka gwada tausar da man ɗumi, kuma ka sha kunun watan, na shinkafar njavara da hulba da busasshiyar citta da madarar kwakwa. Yana ɗumama ciki sosai.

In kuwa za ku iya daidaita tafiyarku da Agusta, to ku daidaita, saboda tseren jirage. Gasar kofin Nehru a tafkin Punnamada da ke Alappuzha, wadda bisa al'ada ake yi ranar Asabar ta biyu ga watan, ta samo asali ne daga ziyarar Firaminista Jawaharlal Nehru a 1952, lokacin da tseren da aka shirya masa ya ɗauke shi har ya yi tsalle ya faɗa cikin jirgin da ya yi nasara, ya koma Delhi ya aiko da kofin azurfa. Jiragen, chundan vallam, dogaye ne fiye da ƙafa 100, baƙaƙe, sirara, masu sheƙi da mai, bayansu a ɗage sama, kowanne ɗauke da matuƙa wajen ɗari a jere bibbiyu, da masu riƙe akala a tsaye a baya, da mawaƙa a tsakiya suna buga ƙafa suna ba da amo. Kowane jirgi na wani ƙauye ne, kuma ƙauyen gaba ɗaya yana bakin ruwa, wasu a kan bishiya, wasu tsundum cikin tafkin har wuya. Idan aka saki jiragen, filafilai ɗari su nutse tare su fito tare, ruwa na tashi ta gefe, na sama na zuba, ganguna na tashi, ihu ya cika ko'ina, kai da ba ka san kowa ba sai ka tsinci kanka ka zaɓi jirgi kana yi masa kururuwa har muryarka ta dushe. 'Yan shekarun nan ranar takan motsa, don haka ku tabbatar da ita kafin ku yanki tikiti, ku nemi biza da wuri, kada ku manta da katin rigakafin shawara domin za a tambaya a filin jirgi, kuma ku kama masauki a Alappuzha tun da sauran lokaci, domin a wannan makon kam babu ragi ko na sisi.